Yanke salansa da cire matatar iska: me suke ƙara wa tsohuwar motar gazwal, me suke cinye mata?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gudron ranar kasuwar Cadawa ko ta Gazawa ya san ƙarar da nike nufi. Tun motar tana nesa za ka ji ta kamar injin niƙa, in ta wuce kuma baƙin hayaƙi ya rufe masu talla. Tsofaffin motoci ne masu shan gazwal: Land Cruiser, Hilux, Hiace, da ragowar Peugeot 504 bashe da Mercedes 207 waɗanda wasu sun girmi direbobinsu. Su ke fito da aya da wake da gero daga ƙauyukan Agye da Gangara, su ke kai dabbobi kasuwannin Gidan Rumji da Tibiri, kuma sau da yawa su ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare. In ɗaya ta kwanta, ba mai ita kaɗai ke shiga uku ba.

Abubuwa uku direbobi suka fi yi wa waɗannan motoci don neman ƙarfi: su yanke salansa, su huda akwatin iska ko su cire matatar da ke ciki, wadda makanikai ke ce ma filtir, sannan su sa a buɗe famfon gazwal. Dalilin a fili yake. Hanyoyinmu in ka sauka daga gudron rairayi ne, lodi ya wuce ƙima, mota ta tsufa, ga gazwal da ko bayan ragin da gwamnati ta yi a watan Yuli na 2024 lita ɗaya ta tsaya sefa 618. Kowa na son mota ta ja da ƙarfi ta sha kaɗan. To amma cikin ukun nan, wanne ke da amfani, wanne ke kashe moter?

Sai mun fara da yadda moter ɗin ke numfashi. Motar gazwal ba ta da buji mai ƙyasta wuta kamar ta esans. Iska zalla take zuƙa, fistin ya matse ta sau ashirin ko fiye, har zafinta ya haura digiri 500, sannan a feso gazwal a ciki ya kama da kansa. Kenan iska ce rabin abincinta. Lita ɗaya ta gazwal tana buƙatar aƙalla lita 10,000 na iska kafin ta ƙone sarai, kuma a aikace moter na son fiye da haka. In iskar ta kasa, gazwal ɗin da bai ƙone ba shi ne baƙin hayaƙin da kuke gani. Kuɗin direba ne ke fita ta bututu.

Ɗauki Land Cruiser mai moter 1HZ, wanda Toyota ta fara yi a 1990, mai silinda shida, lita 4.2, ƙarfin doki wajen 130. In yana juyi 2,000 a minti, yana zuƙar iska kusan lita 4,000 a wannan mintin. A awa ɗaya ya kai cikin tano 1,200 na lita 200. Yanzu ku tuna wace iska ce wannan: iskar hunturu mai hazo, ko ƙurar da motar gaba ta tayar a hanyar burji. Duk wannan sai ta bi ta cikin takarda ɗaya mai lanƙwasa-lanƙwasa kafin ta shiga moter.

Nan ne babbar ɓarnar take. Ƙurarmu yawancinta garin rairayi ne, kuma ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen silinda tauri. In ta shiga, ta haɗu da baƙin mai, sai ta zama kamar abin wasa wuƙa, tana cin zoben fistin da bangon silinda a kowane juyi. Direban da ya cire filtir zai ji mota ta saki jiki a ranar farko, gaskiya ne, musamman in dama filtir ɗin ya toshe. Amma ba da jimawa ba sai ta fara shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi ya fara fita, in ka buɗe murfin mai tana aiki ka ga tana hura tururi, da safiyar ɗari kuma sai an tura ta. Matsewar da ke kunna gazwal ta zube kenan. Daga nan sai sauke moter, a sayi zobba da fistin, a kai Maraɗi ko a tsallaka Katsina neman kaya. Kuɗin filtir nawa ne a gaban wannan?

Akwai kuma wani filtir mai kamar mazubi, ja ko shuɗi, da ake kawowa ana cewa na motocin tsere ne. Yana barin iska ta wuce da sauƙi don ramukansa sun fi faɗi, kuma ta ramukan nan ƙura ma take bi. An yi shi ne don ƙasashen da ba su san hazo ba. Ƙari a kan haka, ana ɗaura shi ne tsirara cikin kan mota, kusa da moter, inda iska ta fi ko'ina zafi. Iska mai zafi ba ta da nauyi: wadda ke digiri 45 ta kasa ta digiri 20 da wajen kashi 8 cikin ɗari. Shi ya sa mota ke yin sanyin jiki da tsakar rana a watan Afrilu da Mayu, ta farfaɗo da asuba. Wanda ya mayar da bakin shaƙarta kusa da moter ya mayar da ita cikin bazara ta dindindin.

Gyaran da ni a ganina ya cancanci kuɗinsa shi ne dogon bututun nan da ake hawarwa ta gefen gilashi har saman mota, irin wanda kuke gani a motocin likita da na ƙungiyoyin agaji. Ba ado ba ne. Ƙura ta fi kauri kusa da taya, don haka in bakin shaƙa ya koma sama, filtir ya fi daɗewa kuma iskar ta fi sanyi. In aka sa masa kai mai juya iska, mai ɗan kwano, manyan ƙwayoyin rairayi a kwanon suke taruwa, yaron mota ya zubar da yamma. Da damina kuma yana da wani amfanin ga masu tsallaka Gulbin Maraɗi ko fadamun kwarin Gulbin Kaba. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ko kofi ɗaya ya shiga silinda fistin na tahowa, sandar fistin ce ke lanƙwashewa nan take. Sai dai fa bututun ba ya ƙara ƙarfin doki, kuma in mai walda ya yi shi da siririn tiyo mai kwana da yawa, shaƙe motar zai yi. Faɗinsa kada ya kasa na asali, kuma kowace mahaɗa ta zama ba ta yoyo. Ƙaramar tsaga a robar da ke tsakanin filtir da moter ta fi rashin bututun illa, don ta nan ƙura ke shiga ba mai tace ta.

Wajen share filtir ma akwai gyara. Buga shi a taya ko a dutse yana tsaga takardar. In za a hura shi da kwamfuresa, daga ciki zuwa waje ake hurawa, da iska marar ƙarfi sosai. Bayan haka a sa tocila a cikinsa a wuri mai duhu: in haske ya ɓullo ta wani rami, ya gama aiki. Tsofaffin motoci da taraktoci masu matatar da ake zuba ma baƙin mai, su kuma a wanke kwanon a zuba mai daidai layi, kada a cika.

Mu koma baya, wajen hayaƙi. A nan direbobi suna da 'yar gaskiya. Moter sai ya turo hayaƙi waje kafin sabuwar iska ta samu wuri, kuma duk abin da ya tare hanyar yana cin ƙarfi. Salansar da ta shekara ashirin tana iya cika da kunkunniya, ko farantan cikinta su ruɓe su toshe hanya, ko bututun ya lotse inda ya bugi kututture. Irin wannan in aka canza ta, mota za ta farfaɗo. Amma in salansar lafiyarta lau, yanke ta a moter marar turbo ba ya ƙara abin a zo a gani. Ƙara ce ke yaudarar kunne. Motar da ke ruri sai ka ɗauka gudu take.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake yanke bututun. Da yawa ana barin shi ya ƙare ƙarƙashin mota, daidai ƙasan inda fasinja ke zaune. A bashe mai tamfol ko Hiace mai ruɓaɓɓen ƙasa, hayaƙin nan ciki yake komawa. Mata da yara da ke isa kasuwa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ba kullum ba ne wahalar hanya. Tun watan Yuni na 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazwal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar huhu. Wanda ya fi kowa shaƙa kuwa shi ne yaron mota da ke rataye a baya kullum. Sannan bututu marar salansa yana tofar da gawayin kunkunniya mai wuta in an taka mota da ƙarfi. Ku auna wannan da lodin harawa ko kara, ko busasshiyar ciyawar gefen hanya bayan kaka. Kowane irin gyara za a yi, bututun ya fita har bayan mota ko gefenta, bayan tayar baya, nesa da tankin mai da tiyon birki.

Sai na uku, buɗe famfo. Akwai wani ƙaramin noti a jikin famfon gazwal da ke iyakance yawan man da ake fesawa, kamfani ya ɗaure shi da hatimi. In aka juya shi, mota za ta ƙara ja, wannan ba musu. Amma iskar da ke shiga ba ta ƙaru ba. Rarar man tana fita a baƙin hayaƙi, sauran kuma ta zama zafi a kan fistin. Fistin da alminiyom aka yi shi, alminiyom kuwa yana narkewa a digiri 660. Kuma allurar zafi da ke gaban direba zafin ruwa take aunawa, ba zafin wutar cikin silinda ba, don haka fistin na iya soyuwa a cikin rairayi da giya ta biyu allura tana zaune lafiya. Motar da ke hayaƙi kuma ba ta ja, galibi ba ƙarin mai take nema ba. A duba filtir ɗin iska da na gazwal, a gwada bakunan fesa mai a kan na'ura, a daidaita bawul da lokacin fesawa. Moter da yawa da aka ce sun mutu, wannan kaɗai ke tayar da su.

Turbo fa? Shi ne kaɗai ke ƙara iska da gaske, don hayaƙin da ke fita ne ke juya farfela, ita kuma ta cusa iska ciki. Motar da ta zo da turbo daga kamfani tana amfana da bututun hayaƙi mai ɗan faɗi fiye da marar turbo. Amma ɗaura turbo a kan 1HZ, ko 3L da 5L na Hilux da Hiace, magana ce daban. Toyota da kanta da ta so turbo a lita 4.2 sai ta yi wani moter, 1HD-T, mai fistin da tsarin fesa mai na dabam. A wasu ƙasashe kamar Ostireliya ana ɗaura wa 1HZ turbo, amma da matsin iska kaɗan, da agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba, da radiyeta mai lafiya. A tsohon moter da ya riga ya gaji, cikin zafinmu da lodinmu, kan moter ne ke fara tsagewa. Kuma turbon da aka ciro daga mataccen moter yana iya yoyon baƙin mai cikin hanyar iska, har moter ya koma shan mansa, ya yi ta ruri ko an zare makulli. In haka ta faru, a toshe bakin shaƙar iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da hannu ba, ko a sa babbar giya a taka birki a saki kuloci.

Motocin da suka fito daga Turai daga wajajen 2009 zuwa yau, masu matatar kunkunniya a cikin bututun hayaƙi da kwamfuta mai sarrafa mai, su ba a yi musu aikin zarto da walda. In ka yanke wani abu kwamfutar za ta gane, ta rage ƙarfin motar da kanta.

Ga gwaji ɗaya da kowane mai mota zai iya yi yau ba tare da kashe ko dala ba. A kashe mota, a kwance robar da ta tashi daga akwatin filtir zuwa moter, a shafa yatsa a cikinta. Ɗan danshin mai ba komai ba ne. Amma in ka murza yatsunka ka ji gurzar rairayi, ƙura tana wucewa ta wani wuri: ko filtir ya huje, ko murfin akwatin bai zauna ba, ko robar ta tsage a lanƙwasa. A nemo wurin a toshe kafin lodin kasuwa mai zuwa.