Dallol na Habasha: dutsen da ruwansa ke tafasa

A arewa maso gabashin Habasha, cikin ƙasar Afarawa, akwai wani dutse mai aman wuta da ake kira Dallol. Suna kaɗai ya gama shi da Dallol Mawri namu. Ya fashe a shekara ta 1926.

Tun da asuba baƙi kan tashi daga ƙauyen Hamed Ela cikin motoci, tare da ɗan jagora, su ratsa filin da Afarawa ke saran gishiri. Idanun ruwan dutsen rawaya ne da kore, gwanin kyau, amma ruwan yana tafasa, yana cin fata. Ɓawon gishirin kuwa ba kauri gare shi ba: wanda ya bar sawun jagora yana iya rubzawa ciki. Kafin rana ta take, wajibi ne a juyo.