Ɗan Daudu A Wasan Kirsimeti: Wa Muke Yi Wa Dariya?

Duk wanda ya taɓa yin Kirsimeti a ƙasar Yauri ya san cewa bayan sujada da cin shinkafa, babu abin da jama'a suke ɗoki kamar wasan kwaikwayo na zumuntar matasa. Tun daga Yelwa har Wara da Shanga da tungayen da ke bakin tafkin Kainji, da yamma ta yi sai a fito da bencina waje, a ɗaura zannuwa biyu su zama labule, a ta da janareto in akwai. Kambari da Gungawa da Dukawa da baƙi 'yan kudu duk za su hallara, har maƙwabtanmu Musulmi da masu bin gargajiya sukan tsaya daga baya suna kallo. Wa'azin da ba ya shiga kunnen mutum daga kan bagadi, sau da yawa ta wannan hanya yake shiga. Saboda haka ne ya kamata mu dubi abin da muke ɗorawa a gaban jama'a da idon basira.

A wata majami'a da muka yi hidima a bakin ruwa, shekaru kaɗan da suka wuce, matasa sun shirya wasa a kan misalin ɗa ɓatacce da ke cikin Luka sura 15. Da aka zo wurin da yaron ya tafi ƙasa mai nisa, sai suka mai da wurin tashar mota, suka sa masa abokan shashanci, cikinsu har da ɗan daudu. Wani saurayi ya ɗaura zane a ƙirji, ya ɗauki faranti a kai yana tallan kaza, yana karairaya yana tafa hannu da ƙananan murya. Jama'a suka yi ta dariya har da masu hawaye, mu ma da muke zaune a gaba mun dara.

To, a cikin ƙungiyar mawaƙa akwai wani yaro ɗan shekara 17, mai sanyin murya da sanyin tafiya, wanda yake taya mahaifiyarsa bandar kifi tun rasuwar mahaifinsa. Washegari yara suka fara kiransa da sunan da aka ba ɗan daudun cikin wasan. Bayan mako biyu wani dattijo ya ce a mai da shi layin baya na mawaƙa domin kada ya jawo magana. Kafin Ista ya daina zuwa sujada, kafin damina kuma ya bi wata motar kifi zuwa kudu. Mahaifiyarsa ta same mu a gida ta durƙusa ta ce, "Malam, ina so a gaya mini abin da ɗana ya yi wa ikkilisiya." Muka ce, "Mama, ki yi haƙuri." Iyakar abin da muka iya faɗa ke nan, gama babu wanda ya taɓa kawo ƙararsa a kan wani aiki. Muryarsa da tafiyarsa ne kawai aka hukunta.

Wane ne ɗan daudu?

A ƙasar Hausa an daɗe da sanin 'yan daudu, wato maza masu magana da motsi irin na mata, waɗanda akan same su suna sana'ar dafa abinci da sayar da shi a tashoshi da kasuwanni, wasunsu kuma a harkar bori da bukukuwa. Wani malamin jami'a Ba'amurke mai suna Rudolf Gaudio ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009. Daga cikin abin da ya nuna akwai cewa daudu da neman maza ba lalle ba ne su zama abu ɗaya, kuma da yawa daga cikinsu suna da mata da 'ya'ya. Amma bakin duniya ba ya tsayawa rarrabewa.

A fagen wasa kuwa, ɗan daudu ya zama ganga ce da kowa ke bugawa in yana neman dariya. A 2002 marigayi Rabilu Musa Ibro ya fito a fim ɗin Ibro Ɗan Daudu, matasanmu kuma daga irin waɗannan finafinai suka kwaso salon suka shigo da shi harabar majami'a. Abin lura shi ne, a duk waɗannan wasanni wani ne yake ara masa baki. Shi kansa ba a taɓa tambayarsa yadda yake kwana ba.

Da suka karɓi bakinsu

A Amurka, inda jami'o'in addini suke da yawa, wasu ɗalibai masu sha'awar jinsinsu sun gaji da a yi magana a kansu, sai suka shiga rubuta wasanni game da zamansu a waɗannan makarantu. Misali biyu sun ishe mu.

Na farko ya faru a Jami'ar Brigham Young da ke jihar Yuta, mallakar ɗariƙar Mormon, wadda koyarwarta ta sha bamban da tamu a wurare da yawa. A 1976 an yi wani gwaji a can, inda aka riƙa jona wa wasu samari wutar lantarki a jiki lokacin da ake nuna musu hotuna, da nufin a kashe musu sha'awar maza. Mutum 14 ne suka kai ƙarshen gwajin. Ɗaya daga cikinsu, John Cameron, ya zama malamin wasan kwaikwayo a Jami'ar Ayowa, bayan shekaru masu yawa kuma ya rubuta wasa mai suna 14 a kan abin da ya same shi. Wasan ya nuna saurayi mai tsoron Allah wanda ya miƙa kansa ga azaba domin yana so ya zama karɓaɓɓe a wurin jama'arsa, da irin tabon da abin ya bar masa har girmansa.

Na biyu shi ne Jami'ar Notre Dame ta Katolika a jihar Indiyana. A 2012 ɗalibanta suka fara wani wasa mai suna Show Some Skin. Tsarinsa shi ne, duk mai abin da ke cin ransa ya rubuta ba tare da sa suna ba, sai waɗansu ɗalibai su haddace su faɗa a kan dandali kamar nasu ne. Da batun launin fata aka fara, daga baya aka faɗaɗa shi har ya haɗa da talauci da addini da sha'awar jinsi. Ta haka ɗalibi yakan zauna cikin 'yan kallo ya ji labarin da mai yiwuwa na abokin ɗakinsa ne, ba tare da an tona asirin kowa ba. Jami'ar ba ta sauya koyarwar Katolika a kan aure ba, amma a 2013 ta amince da ƙungiyar irin waɗannan ɗalibai a ƙarƙashin kulawarta.

Ba mu ce mun yarda da duk abin da ake faɗa a irin waɗannan wasanni ba. Wasu marubutan sun bar bangaskiya gaba ɗaya, wasu kuma suna neman ikkilisiya ta sake koyarwarta, abin da ikkilisiyoyinmu na Nijeriya suka ƙi. Amma akwai abu guda da yake ta fitowa daga bakinsu, wanda ya kamata ya tsaya mana a rai. Yawancinsu 'ya'yan gida ne, sun tashi a makarantar Lahadi, sun yi waƙa cikin mawaƙa, kuma abin da suka fi tunawa da zafi shi ne ba'a da raɗa da kaɗaici a tsakiyar 'yan'uwa masu bi.

Mu ma yanzu muna da jami'o'in Kirista. A 1999 aka ba Babcock da Madonna izini, Bowen da Covenant suka biyo baya, a 2005 ECWA ta kafa Jami'ar Bingham a Karu, Angilikan suka kafa Ajayi Crowther a Oyo, a 2007 kuma Katolika suka sami Veritas a Abuja. 'Ya'yanmu daga Yauri da Zuru da Kontagora suna zuwa can da kwalejojin Littafi Mai Tsarki. Da wuya a ga wasa irin na Cameron a kan dandalinsu, amma rashin wasan bai nuna cewa babu mai ɗauke da irin wannan kaya a ɗakunan kwanansu ba.

Abin da ikkilisiya ta koyar

Wani zai ce, ai wasanmu zunubi yake la'anta, mene ne laifi? Bari mu duba abin da manyanmu suka rubuta. A taron Lambeth na 1998, bishop-bishop na Angilikan, da na Nijeriya a sahun gaba, sun zartar da ƙuduri da ƙuri'a 526 a kan 70 cewa saduwar jinsi ɗaya ba ta dace da Littafi Mai Tsarki ba. Mutane da yawa a nan suke tsayawa. Alhali kuwa ƙudurin nan ɗaya ya ɗauki alkawarin sauraron waɗannan mutane, ya tabbatar musu cewa Allah yana ƙaunarsu, ya kuma yi tir da tsoro da ƙyama marasa dalili. Haka nan littafin katikisma na Katolika na 1992, a sakin layi na 2357 zuwa 2359, ya ƙi aikin, amma ya umarta a karɓi mutanen da girmamawa da tausayi, a guji nuna musu bambanci na zalunci. Ashe mun riƙe rabin koyarwar mun jefar da rabi.

Littafi Mai Tsarki ma yana da nasa wasan kwaikwayo. A 2 Sama'ila sura 12, annabi Natan ya shirya wa sarki Dauda labarin mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, har sarki ya husata, sa'an nan ya gane cewa kansa ya yanke wa hukunci. Aikin misali ke nan, ya sa mai sauraro ya ga fuskarsa. Wasan da muka yi a bakin ruwa ya sa kowa ya waiwaya yana neman fuskar wani. An tashi ba wanda ya tuna da uban da ya sheƙa a guje ya rungumi ɗansa, balle babban wan da ya tsaya a waje yana fushi, wanda shi ne ya fi kama da mu.

Dariya tana da ƙanwa

Kada mu ɗauka abin wasa ne kawai. Tun 2000 jihar Kebbi take cikin jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci a kan Musulmi, a watan Janairu na 2014 kuma shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko mara musu baya. Shugabannin ikkilisiya da dama sun yi na'am da dokar. Amma a cikin watan nan taron jama'a suka yi ta jifan wata kotu a Bauchi suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma, a watan Fabrairu kuma wasu suka bi gida gida a unguwar Gishiri ta Abuja suna jan samari waje suna duka. A irin wannan yanayi, laƙabin da aka manna wa yaro a filin majami'a yana iya zama sanadin ransa.

Mu mutanen wannan yanki mun san abin da taron fushi yake yi. Ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargi, ba kotu ba shaida, aka kai gawarta Tungan Magajiya, fadar Sarkin Musulmi ma ta yi tir da kisan. Wanda ya yi kuka a ranar nan bai kamata ya zama mai nuna wani da yatsa ga taro ba. A Yahaya sura 8, Ubangijinmu ya fara kwance hannuwan masu duwatsu tukuna, bayan sun watse ne ya yi wa matar gargaɗi, su biyu kaɗai.

Shawara ga masu shirya wasa

Muna roƙon shugabannin matasa da fastoci da 'yan'uwanmu katikis su lura da abu uku kafin Kirsimeti mai zuwa. Na ɗaya, a kalli wasan tun lokacin gwaji, duk inda dariyar ta dogara ga muryar wani ko tafiyarsa ko ƙabilarsa ko naƙasarsa, a cire. Na biyu, kada a hori kowa a ikkilisiya bisa kamanni ko raɗa, Matiyu sura 18 ta nuna cewa da ganawa a asirce ake farawa. Na uku, in yaro ya zo da abin da ke damunsa, a saurare shi har ya gama, a riƙe amanarsa, kada a mai da shi misalin wa'azin Lahadi.

Hanyar ɗaliban Notre Dame ma tana da abin koyi. Matasanmu suna iya rubuta damuwarsu ba suna, ko ta rashin aiki ce, ko shaye-shaye, ko auren dole, ko tsoron 'yan bindiga, ko kokawa da sha'awa, a jefa cikin akwati, dattawa masu riƙon amana su tace, a gina wasa a kai. Mun tabbata wanda ya ji nasa labarin a bakin wani ba zai yi saurin yi wa maƙwabcinsa dariya ba.

Mahaifiyar yaron nan tana nan tana bandar kifinta, tana kuma zuwa zumuntar mata kowane mako. Mun koma mun roƙi gafararta, mun kuma aika wa ɗanta saƙo cewa wurinsa a layin gaba na mawaƙa yana nan. Har yau bai amsa ba. Muna roƙon masu karatu su sa shi cikin addu'a, su sa mu ma. Ubangiji ya ba mu kunnen ji, amin.