Kukan Mai Jego Ba Raki Ba Ne

'Yan'uwana mata, wata maƙwabciyata ta haihu, an yi suna an watse, amma kullum kuka take. Ba barci, ko kunun kanwa ba ta sha. Uwar miji ta ce raki ne, wasu suka ce sammun kishiya.

Ashe ciwon damuwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama fiye da mace 1 cikin 10 masu ciki ko jego, kuma yana da magani. In baƙin ciki ya wuce mako 2, a kai ta asibiti. In ta fara cewa gara ta mutu, kada a kwana. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya mai da mace mahaukaciya.

'Yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan.