Baƙi Masu Zuwa Ganin Daji: Ina Rabon Manomi?

A taron ƙungiyarmu na watan jiya a nan Kalambaina, wani ɗan'uwa ya tashi ya ce babban ɗansa yana aji shida, amma bai iya bambanta gero da dawa ba in suna tsaye a gona. Jama'a suka yi dariya. Da dariya ta lafa sai muka ga ashe abin ya shafi gidaje da yawa, gama aiki ne ya kawo iyayen yawancinmu nan, tun da aka fara yin siminti a 1967, yara kuwa a gari aka haife su. Shi ya sa aka ce mu yi bayani a kan kai iyali ƙauye, da abin nan da a ke kira yawon buɗe ido. Masu karanta takardan nan kashi biyu ne, akwai masu zuwa, akwai masu karɓa. Maganar ta shafe su duka.

Yawon buɗe ido na daji, watau mutum ya bar gida ya tafi ganin ruwa, ko itatuwa, ko tsuntsaye, ko yadda mutanen karkara su ke zamansu. Abin da ya kamata manomi ya gane shi ne, baƙo ba ya zuwa sai in abin gani yana nan da rai. Wanda ya ke kiyaye abin kuwa mutumin wurin ne.

Ku dubi Argungu, wajen kilomita 100 daga Sakkwato. Bikin kamun kifi ya yi suna tun 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Mai kallo yakan ga dubban masunta sun faɗa ruwan Matan Fada da gora da homa, wani ya fito da giwan ruwa wanda sai an taimake shi ɗauka. Abin da ba ya gani shi ne watannin da a ke hana su a wurin, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa. Hanin nan shi ya ke tara kifin. Da kowa yana shiga ran da ya ga dama, da babu biki, da masu abinci da masu masauki da masu kwalekwale ba su sami ko kwabo ba.

Misali na biyu daga maƙwabtanmu na Nijar ne. A yankin Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa, su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 ba su kai 50 ba. Kafin 2020 sun haura 600. Ba a cikin shinge su ke ba, cikin gonakin mutane su ke yawo, da rani suna cin ganyen gawo. Amma suna cin wake da mangwaro kuma, manomi kuwa ba ya dariya in an ci masa wake. Abin da ya sa aka haƙura da su shi ne rabo ya iso ƙauye: samari suka zama 'yan rakiyar baƙi da lada, aka haƙa rijiyoyi, aka ba mata rance. Sai ran 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Don haka kada ƙungiya ta sayar da shanun noma ta gina ɗakin baƙi. Kuɗin baƙo ƙari ne a kan noma.

To, mu nan fa? Ba sai mun je nesa ba. Dutsen da a ke haƙa a Kalambaina domin siminti yana da ƙumba da katantanwa da suka zama dutse, shaida ce cewa teku ya taɓa rufe ƙasan nan shekaru miliyoyi da suka wuce. Yaro ya riƙe ɗaya a hannu, ba zai manta ba. Sai dai kada a shiga wurin haƙa ba da izini ba. Akwai Tafkin Kware arewa da Sakkwato, akwai fadamar Rima, inda da sanyin safiya a kan ga zalɓe da balbela da kirinjijiya, ga kuma masu albasa da shinkafa suna ban ruwa.

Yanzu ga inda mu ke yawan kuskure, watau ziyarar dangi. Mun san wani gida da suka tafi ƙauye su bakwai cikin hutun Agusta, suka yi mako uku. An karɓe su hannu biyu, aka yanka kaza. Ba wanda ya gaya musu cewa hatsin da a ke daka musu na ƙasan rumbu ne, sabon gero kuwa bai nuna ba. Bayan tafiyarsu maigidan ya ci bashin buhu, ya biya da riba a kaka. Mutumin ƙauye ba zai buɗe baki ya faɗi haka ba, kunya ba ta barinsa. Mun san karɓar baƙi abin kirki ne a wurin Ubangiji, tun Ibrahim da baƙinsa uku. Amma baƙo ma yana da nasa nauyi.

Shawarar da muka yanke ke nan. A yi ziyara bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da rumbu ya cika, hanya ta bushe, zafi bai zo ba. In dole sai da damina, a tafi da tiyoyin hatsi gwargwadon bakin da aka kai, da mai da gishiri da sabulu, yara kuma su riƙe fartanya. In ƙungiya ce ta kawo baƙi, a shirya da ƙungiyar ƙauyen tun da wuri, a yanka ladan ɗan rakiya da na matan da za su yi tuwo, a rubuta a littafin ma'aji. A fara gaida mai gari kafin a shiga gona ko bakin tafki. Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, kada a leƙa cikin gida ko a ɗauki hoton matan aure ba a tambaya ba. Kada a sare reshe, kada yara su tafi da danƙon harbi, ledar da aka kawo a koma da ita, gama akuya tana ci ta mutu.

Batun hanya ba wasa ba ne. Sassa na jiharmu sun sha wahalar 'yan bindiga cikin shekarun nan. Kafin a tashi a kira mutanen can a ji labarin hanya na ranar, ba na makon jiya ba. In sun ce a dakata, a dakata, ko an riga an biya mota. A komo kafin magariba.

Fitarmu ta fari za ta zama fadama ce, ran Asabar ta biyu bayan Kirsimati. Masu so su ba sakatare sunayen yaransu bayan sujada, kowane yaro da gorar ruwansa da takalmi.