Tsibirin Da Ya Horar Da Jami'an Gonar Ƙasar Funtuwa

Manoman auduga na ƙasar Funtuwa da Malumfashi sun san Samaru, sun san Daudawa, sun kuma san gidan gurza na Bisije. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa jin labarin wani tsibiri mai suna Tirinidad, wanda ke can ƙetaren tekun Atlantika, kusa da ƙasar Benezuwela. Alhali kuwa da yawa daga cikin Turawan gona da suka yi rangadi a wannan yanki zamanin mulkin mallaka, sai da suka yi shekara guda a wannan tsibiri kafin su taka ƙasar Hausa.

Dalili shi ne, a shekarar 1921 Ingilishi suka kafa wata babbar kwalejin koyon aikin gona na ƙasashe masu zafi a garin St. Augustine, kimanin mil 8 gabas da Port of Spain, babban birnin tsibirin. Bisa ga tsarin da aka bi shekaru masu yawa, saurayin da aka ɗauka aikin gona don ƙasashen da Ingila ke mulka yakan yi shekara ɗaya a Jami'ar Kambirij, sa'an nan a sa shi a jirgin ruwa zuwa Tirinidad ya yi wata shekarar. Bayan ya gama ne za a faɗa masa inda zai nufa, ko Nijeriya, ko Yuganda, ko Malaya.

Tafiyar dai ta aiki ce. Ɗalibi yakan yini tsakanin gonar gwaji da ɗakin bincike, yana koyon halin ƙasa, da cututtukan shuka, da ƙwari, da yadda ake auna amfanin gona. Duk da haka tsibirin yana da abubuwan da ke ɗauke wa mutum gajiya. A arewa da kwalejin akwai jerin duwatsu masu duhun daji, a bayansu kuwa akwai gaɓar Maracas mai lallausan rairayi, inda jama'a ke zuwa wanka da shan iska ranar hutu. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne sojojin Amurka suka yanka hanyar mota zuwa wurin. A gabashin tsibirin kuma akwai gaɓar Manzanilla, inda itatuwan kwakwa suka jeru mil bayan mil a bakin teku. A kudu akwai tafkin La Brea, wanda kwalta ce a cikinsa maimakon ruwa, ana haƙarta ana kaiwa ƙasashen duniya don shimfiɗa tituna.

Wani abin sha'awa shi ne, tun kafin zuwan waɗannan ɗalibai, Hausawa sun riga sun taka tsibirin. Daga cikin mutanen Afirka da aka ƙwato daga jiragen fataken bayi aka sauke a Tirinidad a ƙarni na 19, akwai Yarbawa da Hausawa da Fulani.

Dangantakar tsibirin da auduga ta ƙara ƙarfi a 1926, sa'ad da hukumar bunƙasa noman auduga ta Daular Ingila ta buɗe tashar bincike a can. Masana irin su S. C. Harland da J. B. Hutchinson suka duƙufa ga nazarin jinsunan auduga na duniya da yadda iri ke gadon halinsa. Wannan hukuma ce kuma ta kafa gonar iri a Daudawa, yamma da Funtuwa, a cikin shekarun 1920. Audugar da ake kira Allen, wadda asalinta daga Amurka ne, ta shigo Arewa a 1912. A Samaru ake zaɓen mafi kyawunta, a Daudawa a yawaita irin, daga nan a raba wa manoma. Da titin jirgin ƙasa daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, sai garin ya zama babbar matattarar kaɗa a ƙasar Katsina.

Ilmin kuwa bai tsaya kan hanya ɗaya ba. Mista O. T. Faulkner, wanda ya shugabanci Ma'aikatar Gona ta Nijeriya daga 1921, shi ne ya dage wajen shigo da noma da garmar shanu a Arewa a 1928. A 1938 aka naɗa shi shugaban kwalejin ta Tirinidad. Watau abin da ya koya a gonakin Hausawa shi ya tafi da shi tsibirin.

To, amma ba duk abin da aka karanto a ƙetare ya dace da gonar talaka ba. A wancan zamani Tirinidad ƙasa ce ta rake da koko da lemo, damina tana kai wata bakwai, daga Yuni zuwa Disamba. A ƙasar Funtuwa kuwa ruwa yakan ɗauke a watan Oktoba. Shekara da shekaru malaman gona suna kira ga manomi ya shuka auduga da wuri, cikin watan Yuni, ya kuma shuka ta ita kaɗai a gona. Manomi kuwa sai ya jinkirta har gero da dawa sun kankama, abin da wasu jami'ai suka ɗauka taurin kai ne. Sai a farkon shekarun 1970, da masu bincike na Samaru, cikinsu har da David Norman, suka bi manoman yankin Daudawa gona-gona, aka gane cewa lokacin shukar da ake so ya yi karo da lokacin noman farko na hatsi. Magidancin da ke da hannu biyu rak, lalle abincin iyalinsa zai fara tsarewa.

Kwalejin ta Tirinidad ta shiga cikin jami'ar tsibiran yankin a 1960, tsibirin ya sami mulkin kai a 1962. A wannan shekara ce kuma tashar Samaru ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Da aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa a 1975 da rancen Bankin Duniya, sai masara da takin zamani suka mamaye gonakin Bakori da Faskari da Malumfashi. Hukumar cinikin auduga kuma aka rushe ta a 1986.

Har wa yau jami'an gwamnati suna fita ƙasashen waje kwas ko taro, wani lokaci a wurare masu daɗin shaƙatawa. Babu laifi ma'aikaci ya huta a bakin teku bayan ya gama aikin da ya kai shi, domin tafiya mabuɗin ilmi ce. Sai dai kuɗin jama'a ne ke biyan jirgi da masauki. Saboda haka ya kamata duk wanda ya dawo ya fara gwada abin da ya koyo a gonar gwaji, ya kuma zauna da manomi ya ji dalilinsa, kafin ya ba shi umarni.