Filin Mata: Ɗaukar Hoto a Wurin Dafa Mazarƙwaila

'Yan'uwana mata, ɗari ya shigo, rake ya ƙosa a fadamu, masu mazarƙwaila sun hura wuta. Wannan shi ne lokacin da ya dace maigida ya kwashi iyalinsa ran hutu su je su ga yadda ake aikin. Mu mutanen Rano da Kibiya ba mu rasa gonar rake kusa da mu, balle tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya yalwata a kudancin Kano. Wadda ke da dangi wajen Maƙarfi a ƙasar Zazzau kuwa, ai ta sami gidan abin.

Ba mu kaɗai ke irin wannan fita ba. A Kanada da arewacin Amurka akwai wani itace da ake kira mapul. Idan sanyinsu ya fara sauƙi, wajen watan Maris, sai su huda jikinsa su tari ruwan, su dafa. Sai an dafa wajen lita 40 kafin a sami lita ɗaya mai kauri kamar zuma. Iyaye kan kai 'ya'yansu kallo, su ɗauki hotuna su adana. To, mu ma muna da namu abin adanawa.

Dā ɗaukar hoto sai gwani mai kaya niƙi-niƙi. A 1900 kamfanin Kodak ya fito da ɗan akwati mai suna Brownie, kuɗinsa dala ɗaya, har yara suka iya. Yau kuwa ga na'urar a cikin wayar da ke hannunki. Amma duba hotunan da muke komowa da su: an jera yara kamar za a yi musu allura, kowa ya sandare, ba a ga rake, ba a ga wuta. Bayan shekara goma wa zai san inda aka je?

Saboda haka ki ɗauki aikin, daki-daki. Fara da masu saran rake. Sa'an nan injin matsa, da ruwan yana zuba. Idan kin yi sa'a kin tarar da inda doki ke kewayawa yana juya injin, kada ki yi rowar hoto, gama inji mai shan mai yana ta maye gurbinsa, watakila jikokinki ba za su gani ba sai a hotonki. Daga nan sai babban kasko a kan wuta, ana iza busasshen raken da aka matse, ana kwashe kumfa. Na ƙarshe, lokacin da ruwan ya yi kauri ana zuba shi a ƙananan kwanoni ya daskare. Ki bar yara su shiga hoton suna abin da suke yi, ko shan rake, ko lasar yatsa.

Ga abin lura game da haske. Ki ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayanki ko gefenki. Da tsakar rana inuwa kan cika idon mutum, fuska ta yi duhu. Hazo kuwa ba abin gudu ba ne, yakan tausasa haske, sai dai ƙura na dushe gilashin, don haka ki riƙa goge shi da tsumma mai laushi. Ki tsaya ta inda iska ke fitowa, kada tururi da hayaƙi su rufe ki. Ki manne gwiwar hannu a haƙarƙarinki don kada hannu ya yi rawa. In yaro za ki ɗauka, ki durƙusa daidai tsayinsa.

Amma fa ki ji wannan da kyau. Injin matsa ba ya bambanta rake da yatsa, ruwan da ke cikin kasko kuma ya fi tafasasshen ruwa zafi, yana kuma manne wa fata. Kada a matsar da yaro kusa da su don neman hoto mai kyau. Mai ɗauka idonta na kan wayarta, saboda haka a sa wata babba ta riƙe ƙanana. Ke ma ki naɗe mayafinki.

Har wa yau akwai ladabi. Ki gai da masu aiki, ki nemi izini kafin ki ɗaga waya. Matar aure ba a ɗaukarta sai ta yarda, ba a kuma tura hotonta ga kowa. Kafin ku tashi ku sayi mazarƙwaila, kada a ce kun zo kallo kawai.

In kun komo gida sauran aiki ɗaya. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓata, ta tafi da hotunan shekara biyar. Ki zaɓi guda shida mafiya kyau a kai a wanke su a takarda. A bayan kowanne ki rubuta da fensir sunan wuri, da ranar, da sunayen waɗanda ke ciki. 'Yan makaranta, wannan aikinku ne, ku taimaki iyayenku. A ajiye cikin akwati inda laima da gara ba su kaiwa.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa.