Matsayin Mata a Aikin Ruwa da Tsabta na Gwamnati

Gabatarwa

Hausawa na kiran ruwa abokin aiki, domin kuwa babu girki, babu wanki, babu alwala sai da shi. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba su wa gwamnati take ɗauka aikin samar da ruwa da kula da tsabta, a kuma nuna cewa ƙarancin mata a wannan aiki hasara ce ga matan, kuma hasara ce ga aikin kansa.

Ruwa a gida, ruwa a ofis

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun bayyana cewa a cikin kowane gida 10 da ba su da ruwa a cikin gida, mata da 'yan mata ne ke ɗebowa a gida 7. A biranen ƙasar Hausa lamarin ya ɗan bambanta, saboda inda ake kulle galibi yara da 'yan ga-ruwa ne ke kawowa. Amma da zarar ruwan ya wuce zaure, sai ya koma hannun uwargida. Ita ke sanin na sha da na wanki, ita ke rufe randa, ita ce kuma ke fara lura idan ruwan famfo ya canza launi ko yaro ya fara gudawa.

A ma'aikatun ruwa kuwa, labarin dabam ne. Bankin Duniya ya binciki hukumomin ruwa 64 a ƙasashe 28, ya fitar da rahoto a 2019, inda ya tarar mata kashi 18 ne kacal cikin 100 na ma'aikata. Kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin ba su da mace injiniya ko ɗaya. Wato wadda ta fi kowa ma'amala da ruwa ita ce ba a cika gani ba a wurin da ake yanke shawarar inda bututu zai bi da ranar da za a saki ruwa.

Abin da aka rubuta

Ba rashin doka ba ne ya kawo haka. Yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1951, ta ce a biya mace da namiji lada ɗaya a kan aiki mai daraja ɗaya, Nijeriya kuwa ta amince da ita a 1974. Tsarin mulkin 1999 ya maimaita wannan a sashe na 17, ya kuma hana wariyar jinsi a sashe na 42. Taron ruwa na Dublin na 1992 ya sanya muhimmancin mata wajen samar da ruwa da kula da shi a matsayin ƙa'ida ta uku cikin ƙa'idojinsa huɗu. Sa'an nan manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta nemi a ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai.

A aikin gwamnati, mace da namiji da ke mataki ɗaya albashinsu ɗaya ne. Saboda haka bambancin ba a takardar albashi yake ba, yana wurin matakin da kowa ke iya kaiwa.

Inda ake rasa matan

Wuri na farko shi ne makaranta. Aikin gidan ruwa na bukatar injiniyoyi da masu gwada ruwa a ɗakin bincike da masu gyaran injin famfo. Yarinyar da ba ta samu lissafi da kimiyya a sakandare ba, ƙofar jami'a ko ta Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna ta riga ta rufe mata tun ba a yi zancen ɗaukar aiki ba.

Na biyu shi ne rabon aiki. Macen da aka ɗauka sau da yawa akan ajiye ta a ofishin karɓar kuɗi ko rajista, da sunan tausayi. Amma fa ƙarin girma a irin wannan ma'aikata ya fi zuwa ga wanda ya yi aikin fili, ya kwana a matatar ruwa, ya ga yadda ake zuba alif da kulorin. Har ila yau, Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 55, ta hana a sa mata aikin dare a masana'antu, in ban da ma'aikatan jinya da masu riƙe da shugabanci. Matatar ruwa kuwa ba ta barci. Tunanin da ya haifi wannan sashe shi ne yake sa shugaba ya tsallake sunan mace idan ana rabon aikin kwana.

Na uku shi ne yanayin wurin aiki. Takalmi da rigar aiki akan sayo su da awon maza. Tashar famfo da aka gina ba tare da makewayin mata ba ta riga ta faɗi wanda take sa ran zai yi aiki a cikinta. Haka kuma mata masu sharar titi, waɗanda suke da yawa a ƙasan tsani, galibi a matsayin ma'aikatan wucin gadi ake ɗaukarsu, ba fansho, ba hutun haihuwa.

Dalilin da ya sa aikin ke bukatar mata

A nan ya kamata a tuna da duba-gari. Tun 1932 ake horar da su a Makarantar Koyon Tsabta ta Kano, kuma aikinsu shi ne leƙa randa da salga da kwata. To, waɗannan duka a cikin gida suke, bayan bangon da aka rubuta wa "ba shiga". Namiji duba-gari sai ya tsaya a zaure ya karɓi abin da maigida ya faɗa masa, ko ya jira a kawar da mata, alhali kuwa su ne masu amsar tambayoyinsa. Mace kuwa da sallama kawai za ta shiga har madafa. Ashe al'adar da wasu ke kafa hujja da ita don hana mata wannan aiki, ita ce babbar hujjar ɗaukarsu.

Batun kuma na rai da mutuwa ne. A annobar kwalara ta 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Kwalara ta ruwan sha da bayan gida take bi, wato ta wuraren da ma'aikaciya ta fi ma'aikaci iya kaiwa.

Kammalawa

An ga mata a ƙoli: Sarah Ochekpe ta riƙe Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya daga 2011 zuwa 2015. Sai dai minista ɗaya ba ta cike gurbin injiniyoyin da babu. Gyaran yana hannun ma'aikatan da ke rubuta sanarwar ɗaukar aiki, da masu zaɓen waɗanda za a tura kwas, da masu sayen kayan aiki. Kowace hukumar ruwa tana iya farawa da ƙidaya ma'aikatanta mataki mataki, maza nawa, mata nawa, ta buga adadin kowace shekara. Ɗalibai mata kuma su san cewa gidan ruwa wurin aikinsu ne, su nemi darussan da ke kai mutum can.